Idan Hanjin Yaro Ya Sake Shigewa Cikin Kansa: Ɓoyayyun Dalilai Da Yadda Ake Gano Su

Daga cikin cututtukan ciki da ke kai ƙananan yara asibiti cikin gaggawa akwai wadda likitoci ke kira intasasefshan, wato shigewar wani sashe na hanji cikin sashen da ke gaba da shi. Duk wanda ya taɓa mayar da eriyar rediyo, ya ga yadda kowace gaɓa ke nutsewa cikin 'yar uwarta, to ya ga siffar abin. Sai dai hanji ba ƙarfe ba ne. Idan ya shige, yakan ja tantanin da ke riƙe da shi, wanda jijiyoyin jini ke bi ta cikinsa. Jijiyoyin sai su matse, wurin ya kumbura, hanya ta toshe, kuma idan aka daɗe a haka sashen da ya shige ya mutu, ya ruɓe, ya huje.

Cutar ta fi kama yara daga wata 3 zuwa shekara 3, musamman 'yan wata 5 zuwa 9, kuma ta fi yawa ga maza. A kusan kashi 90 cikin 100, ƙarshen ƙaramin hanji ne ke shigewa cikin farkon babban hanji, a ƙasan ciki ta ɓangaren dama. A yawancin jarirai ba a samun wani ƙari ko tsiro da za a ɗora wa laifi. Abin da aka fi zato shi ne wasu ƙananan kaluluwa da ke jikin bangon hanji, waɗanda kan kumbura bayan mura ko gudawa, sai hanji ya ɗauke su tamkar lomar abinci ya yi ta tura su gaba, har ya tura kansa cikin kansa.

Amma akwai kaso kaɗan na yara da matsalarsu ba ta kaluluwa ba ce. A cikin hanjinsu akwai wani abu tabbatacce, ko tsiro, ko ƙari, ko wata halitta da aka haife su da ita, wanda ke yi wa hanjin ja-gaba. Muddin wannan ja-gaban yana nan, ko sau nawa aka warware hanjin zai iya komawa. Waɗannan yaran ne suke wahalar da iyaye da likitoci, domin kowane zuwa asibiti yana kama da na baya, ana warwarewa a sallame su, alhali tushen bai motsa ba.

Alamomin da ake ɗauka atuni

Yaro yana wasa lafiya lau, sai ya ƙwala ihu, ya naɗe ƙafafunsa zuwa ciki, ya yi ta murƙususu na ɗan lokaci, sannan ya lafa kamar ba a yi ba. Bayan minti 15 zuwa 20 ciwon ya dawo. Amai yakan biyo baya, da farko na abin da ya ci, daga baya ya koma kore. Idan lokaci ya ja, sai a ga kashi mai jini gauraye da majina, ja mai duhu, mai yauƙi. Likita kan taɓa wani dogon ƙullutu a cikin. Wasu jariran kuwa ba sa ma yin ihun: sai dai a ga jiki ya saki, yaro ya yi laushi, yana ta barcin da ba na lafiya ba.

Abin lura shi ne ba kowane yaro ke nuna ciwon, aman da jinin gaba ɗaya ba. Waɗanda ke haɗa ukun ba su kai rabi ba. Jinin kuma alama ce ta cewa an riga an makara kaɗan. A garuruwanmu a daidai nan ake yin asarar lokaci. Uwa ta ga jini da majina, sai a ce atuni ne, a aika kemis. Wata a ce haƙori yake fitarwa. Idan hanjin ya yi nisa har kansa ya leƙo ta dubura, wanda yakan faru, sai a ce basir ne ko ɗan kanoma, a shiga jiƙe-jiƙe da zaman ruwan ɗumi. Wani bita da aka buga a 2013, wanda ya tattara rahotannin asibitoci daga sassan duniya, ya nuna cewa kusan kashi 9 cikin 100 na yaran da aka kwantar da wannan cuta a Afirka sun rasu, alhali a sauran nahiyoyi adadin bai kai kashi 1 ba. Cutar iri ɗaya ce ko'ina; bambancin yana cikin kwanakin da ake ɗauka kafin a isa inda za a iya yin wani abu.

Yadda ake warware shi

Hoton sikanin shi ne babban makamin ganowa. A hannun wanda ya saba, da wuya cutar ta ɓuya masa: hanjin da ya shige yana fitowa kamar zobe cikin zobe. Ba ya buƙatar allura, ba ya da hasken eksire, kuma ana samunsa a mafi yawan manyan asibitoci.

Idan yaron bai galabaita ba, kuma babu alamar hanji ya huje, ba tiyata ake fara yi ba. Bayan an sa masa ƙarin ruwa, sai a zura siririn bututu ta dubura a tura iska ko ruwan gishiri da wani awo na matsi, ana kallo ta na'ura, har sashen da ya shige ya koma baya. Dabarar ta daɗe. Harald Hirschsprung, likitan yara a birnin Kwapanhagan na ƙasar Denmak, ya bayyana warwarewa da ruwa tun 1876, shekaru kaɗan bayan Jonathan Hutchinson ya yi nasarar yi wa wata yarinya 'yar shekara 2 tiyatar wannan cuta a Landan a 1871. A yau, ga yaran da aka kai da wuri, iska ko ruwa na yin aiki a fiye da kashi 80 cikin 100, kuma haɗarin hujewar hanji a lokacin aikin bai kai kashi 1 ba. Idan hakan ya faskara, ko hanjin ya riga ya lalace, sai a buɗe ciki a matso shi da hannu a hankali, a yanke abin da ya mutu, a haɗa bakunan biyu.

Yaushe dawowa ke zama abin tuhuma?

Kusan yaro 1 cikin 10 da aka warware wa da iska ko ruwa, hanjinsa zai sake shigewa. Wasu cikin kwana 2 na farko, mafi yawa cikin watanni 6. Bayan tiyata dawowar ta fi ƙaranci. Saboda haka dawowa sau ɗaya ga jariri ɗan wata 8 ba hujja ba ce ta cewa akwai wani mugun abu a ɓoye, kuma ba alama ba ce ta cewa likitan farko ya yi sakaci. Kaluluwar da ta jawo na farko ba ta gama sacewa ba, shi ke nan. Likitoci sukan sake tura iskar, kuma tana aiki kamar yadda ta yi a baya. Iyayen da ke matsa wa likita ya buɗe cikin jariri don kawai abin ya dawo karo na biyu, ba gata suke yi masa ba.

Abin da ke sauya lissafi abubuwa ne kaɗan. Na farko shekaru: jaririn da bai kai wata 3 ba, ko yaron da ya wuce shekara 3, ballantana wanda ya haura 5, ya fita daga zangon da kaluluwa ke yin wannan aiki, kuma yadda shekaru ke ƙaruwa haka yiwuwar samun ja-gaba ke ƙaruwa. Na biyu yawan dawowa: sau 3 ko fiye, musamman idan akwai watanni a tsakani. Na uku wurin da ya faru: idan ƙaramin hanji ne ke shigewa cikin ƙaramin hanji ya ƙi warwarewa, ko babban hanji cikin babban hanji, to ba irin na kullum ba ne. Sai kuma abin da ake gani tsakanin tashin ciwon. Yaron da matsalarsa ta kaluluwa ce yakan murmure sarai. Wanda ke ramewa, ko jininsa na ƙaranci, ko yana zubar da jini ta ƙasa ba tare da ciwo ba, ko zazzaɓi ya ƙi barinsa, jikinsa yana faɗin wani abu dabam.

Aljihun Mekel

Mafi yawan ja-gaban da ake samu a yara shi ne wani ɗan aljihu a jikin ƙaramin hanji, wanda ke ɗauke da sunan Johann Friedrich Meckel, Bajamushen da ya yi cikakken bayaninsa a 1809. A farkon makonnin ciki akwai wata 'yar hanya da ke haɗa hanjin ɗan tayi da wajen cibiya, wadda ya kamata ta shafe kafin haihuwa. A kusan mutum 2 cikin 100 wani guntunta yakan saura, tsawonsa kamar santimita 5, a tazarar kusan santimita 60 daga inda ƙaramin hanji ya haɗu da babba. Yawancin masu shi za su rayu har su tsufa ba su san da shi ba.

Matsala na tasowa ta hanya biyu. Aljihun kan juye ciki kamar yadda aljihun wando ke juyewa, ya zama loma a tsakiyar hanji, hanjin ya yi ta turawa. Sannan a wasu yaran cikinsa na ɗauke da irin naman tumbi mai fitar da ruwan tsami, wanda ke ƙona hanjin da ke kusa ya haifar da gyambo, yaro ya yi ta kashin jini mai yawa ba tare da ciwo ba. Wannan naman tumbin ne ke ba da damar gano shi ta wani hoto na musamman, inda ake sa wa yaro ɗan sinadarin teknishiyam ta jijiya, naman ya tsotse shi, ya haska a na'ura. Hoton yana buƙatar sashen binciken nukiliya, irin waɗanda aka kafa a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ibadan da Babban Asibitin Ƙasa da ke Abuja, kuma ko an yi shi, idan aljihun ba shi da naman tumbi ba zai haska ba. Shi ya sa sau da yawa sai an leƙa cikin, ko ta ƙananan huji da kyamara ko ta buɗewa, ake ganinsa. Maganinsa yankewa ne, kuma da zarar an cire shi magana ta ƙare.

Tsiro a cikin hanji, da ɗigon baƙi a leɓe

Tsiro iri biyu ne ya shafi wannan batu. Akwai wanda ke fitowa shi kaɗai a babban hanjin yara 'yan shekara 2 zuwa 10, yana sa ɗigon jini a kashi. Ba daji ba ne, ana cire shi da bututu mai kyamara ta dubura, kuma ba safai yake jan hanji ba.

Na biyun ya fi buƙatar a tsaya a kansa, domin na gado ne. Jan Peutz, likita ɗan ƙasar Holan, ya bayyana shi a wani iyali a 1921, Harold Jeghers da abokan aikinsa a Amurka suka faɗaɗa bayanin a 1949, shi ya sa ake kiransa ciwon Peutz da Jeghers. A 1998 aka gano cewa tushensa tangarɗa ce a wata ƙwayar gado mai suna STK11. Idan uba ko uwa na da ita, kowane ɗa yana da rabin yiwuwar gadonta, namiji ko mace, ba sai iyayen biyu sun haɗu a kanta ba kamar yadda yake a sikila. Wasu kuma a kansu tangarɗar ke farawa, ba tare da kowa a dangi yana da ita ba.

Masu wannan ciwo tsiro yakan yi ta fito musu, galibi a ƙaramin hanji, kuma kowane tsiro da ya girma zai iya zama ja-gaba. Kusan kashi 15 cikin 100 sukan sami shigewar hanji kafin shekara 10, kusan rabi ko fiye kafin su kai 20. Tun da a can tsakiyar ƙaramin hanji abin ke faruwa, iskar da ake turawa ta dubura ba ta isa wurin da ƙarfin da zai yi amfani, don haka tiyata ce ke biyo baya. Yaron da aka yi ta yanke masa hanji guntu-guntu a tiyatar gaggawa, wata rana abin da ya rage ba zai ishe shi tsotsar abinci ba. Manufar likitoci ke nan: a cire tsiron kafin ya ja hanji.

Alamar da ke tona asirinsa a bainar jama'a take, amma ana wuce ta. Ƙananan ɗigo ne baƙaƙe ko masu ruwan ƙasa mai duhu a kan leɓe, kewayen baki, cikin kumatu, wani lokaci a yatsun hannu da na ƙafa. Suna bayyana tun ana ƙanana. Na leɓe kan dusashe bayan balaga, na cikin kumatu kan zauna. A fatar Bature suna fitowa ƙarara. A tamu fatar, inda duhun dasashi da leɓe abu ne na kullum, uwa za ta iya kallonsu shekara da shekaru tana ɗauka tawadar Allah ce. A ganina, duk yaron da ya wuce shekara 3 da hanjinsa ya shige, ya kamata a juya leɓensa a haska cikin bakinsa da tocila, a duba na iyayensa ma. Binciken ba ya cin ko sisi. Haka tambayar ko akwai wanda aka taɓa yi wa tiyatar toshewar hanji a dangi, ko wanda dajin hanji ya kashe yana matashi.

Ƙungiyar likitocin cikin yara ta Turai, a shawarwarin da ta fitar a 2019, ta ce a fara duba hanjin yaran da ke da wannan ciwo kada a wuce shekara 8, ko kafin nan idan akwai alamomi, a riƙa maimaitawa duk bayan shekara 3, a kuma cire tsiron ƙaramin hanji da ya kai santimita 1.5 zuwa 2. Ana dubawar da bututu mai kyamara ta baki da ta dubura, da kuma wata 'yar kyamara mai siffar kafso da ake haɗiyewa, ta bi hanji tana ɗaukar hoto. Inda babu waɗannan kayan, likitan tiyata kan yi amfani da damar buɗe cikin ya bi hanjin kaf ya cire duk tsiron da ya samu a zama ɗaya. Kulawar ba ta ƙarewa da ƙuruciya, domin idan sun girma haɗarin kamuwa da dajin hanji, na tumbi da na mama ya fi na sauran mutane sosai.

Dajin Bakit

Wannan kam namu ne. Denis Burkitt, likitan tiyata ɗan Ailan da ke aiki a asibitin Mulago a Kampala, shi ne ya bayyana shi a 1958, bayan ya yi ta ganin yara masu kumburin muƙamuƙi. Daga baya aka lura cewa yankin da cutar ta fi yawa a Afirka ya zo daidai da yankin da zazzaɓin cizon sauro ya yi katutu, kuma a 1964 aka gano ƙwayar cutar Epstein da Barr a cikin ƙwayoyin wannan daji. Nijeriya na cikin wannan yanki, kuma dajin Bakit na cikin cututtukan daji da aka fi sani a sassan yara na asibitocin koyarwarmu.

Mutane sun san shi da kumbura fuska da girgiɗa haƙora, amma yana kama ciki ma, kuma ɗaya daga wuraren da ya fi so shi ne daidai mahaɗar ƙaramin hanji da babba, inda kaluluwa ta yi yawa. Yaro ɗan shekara 6 ko 10 da ya zo da shigewar hanji, ana iya warware masa da iska, bayan kwanaki ya dawo, domin ƙarin da ke bangon hanjin yana nan yana girma. Girmansa kuwa ba na wasa ba ne: yana cikin dajin da ya fi kowane sauri a jikin ɗan Adam, yakan ninka kansa cikin kwana 1 zuwa 2. Rama, gumin dare, zazzaɓi da kumburin ciki su ne abokan tafiyarsa. Sikanin kan nuna bangon hanji ya yi kauri fiye da ƙima, ko ƙari a ƙoda, hanta ko ƙwan mace, ko ruwa a ciki.

Abu biyu ya kamata iyaye su riƙe a nan. Ba a tabbatar da shi sai an ɗebi ɗan nama ko ruwan ciki an duba a ɗakin gwaji. Don haka duk abin da aka yanke daga cikin yaro, a tabbata an kai shi gwaji, a kuma koma a karɓi sakamakon. Iyalai da yawa idan yaro ya tashi ya ci abinci sai su manta da takardar. Sannan babban maganinsa ba wuƙa ba ce, magungunan kashe ƙwayoyin daji ne da ake bayarwa zango-zango. Saurin girman nan nasa shi ne kuma rauninsa, domin yana narkewa da magani fiye da yawancin cututtukan daji. A ƙasashen da ke da cikakkun kayan aiki, kusan yara 9 cikin 10 suna warkewa. Abin da ke rage adadin a wurinmu shi ne zuwa a makare da kuma yanke magani a tsakiya, idan kuɗi ya ƙare ko aka ga ƙarin ya sace aka ɗauka an gama.

Sauran dalilai

Akwai yaran da ake haifa da wata 'yar jaka manne a jikin hanji, mai bango irin na hanjin, kamar an so a yi hanji biyu aka fasa. Tana tara ruwa ta kumbura ta tura bango ciki. Yawanci tana bayyana kafin shekara 2, sikanin na gane ta ta ninkin bangonta, kuma ana yanke ta tare da guntun hanjin da take kai.

Sai cutar kumburin ƙananan jijiyoyin jini wadda ke ɗauke da sunan likitocin Jamus biyu na ƙarni na 19, Henoch da Schönlein. Takan biyo bayan mura ko ciwon maƙogwaro. Yaro ya fito da ƙuraje ja masu tudu a ƙafafu da ɗuwawu, waɗanda ba sa ɓacewa idan an danna, gaɓoɓi su yi ciwo, ciki ya yi ta murɗawa. Irin zubar jinin da ke ƙarƙashin fata yana faruwa a bangon hanji, gudan jinin ya zama ja-gaba. Wani lokaci ciwon cikin na riga ƙurajen fitowa da kwanaki, a baƙar fata kuma sai an shafa da hannu ake jin su fiye da yadda ake ganinsu. Cutar kan tafi da kanta cikin makonni, shigewar ma takan warware ba tare da tiyata ba idan ana bibiya da sikanin, amma ana ci gaba da gwada fitsari da hawan jini na tsawon watanni saboda takan taɓa ƙoda.

Cutar rashin jituwa da alkama tana lalata shimfiɗar ƙaramin hanji, ya saki, ya riƙa shigewa yana warwarewa da kansa. Yaron yakan kasa girma, cikinsa a kumbure, ga gudawa mai ɗaukar lokaci da ƙarancin jini. Gwajin jini ne ke fara nuna ta, kuma kada a daina ba shi alkama kafin gwajin, domin hakan na ɓata sakamako. Idan ta tabbata, burodi, taliya, fanke, biskit da duk abin da aka yi da fulawa sun fita daga abincinsa har abada. Sauƙin da ke nan shi ne gero, dawa, masara, shinkafa da acca duk ba su da sinadarin da ke jawo ta.

Akwai wata cutar gado mai sa majinar jiki ta yi kauri, huhu ya yi ta ciwo, kashi ya daskare ya manne a hanji. Ta fi yawa a Turawa, ba safai ake ganinta a baƙar fata ba, kuma da gwajin gishirin gumi ake gano ta. Tsutsar ciki idan ta dunƙule takan toshe hanji, wani lokaci ta ja shi. Yaron da aka yi wa babbar tiyatar ciki, kamar cire ƙarin ƙoda, idan ya fara koren amai cikin makonni 2 bayan aikin, ana tuhumar shigewar ƙaramin hanji ko da babu jini ko ƙullutu.

Tsarin binciken

Ba a fara da na'ura mafi tsada ba. Tarihin yaro da na dangi, auna nauyi, duba baki, fata da ƙafafu, gwajin yawan jini da na fitsari, su ne farko. Sai sikanin, wanda ya fi amfani idan an maimaita shi bayan an warware hanjin kuma kumburi ya sauka, domin a lokacin da hanji ke cuse ja-gaban kan ɓuya a tsakiyar naɗin. Sikanin da bai nuna komai ba bai wanke yaron ba. Yana rasa wani kaso na waɗannan abubuwa. Daga nan alamomi ne ke nuna hanya: jini ba ciwo ya kai ga neman aljihun Mekel, ɗigon leɓe ya kai ga kyamara, rama da kaurin bango su kai ga hoton siti-sikan ko na maganaɗisu da ɗibar nama.

Idan duk wannan bai nuna komai ba, kuma abin na ta dawowa, likitoci kan yanke shawarar leƙa cikin. Babu wani adadi guda da duk asibitoci suka yarda a kansa, amma da yawa sukan fara wannan magana daga karo na uku, ko tun karon farko ga babban yaro. Idan an sami ja-gaba a cire. Idan ba a samu ba, wasu sukan ɗinke ƙarshen ƙaramin hanji a jikin babba don hana shi zamewa, ko da yake ba kowane likitan tiyata ne ya gamsu da amfanin hakan ba. Irin wannan aiki na likitocin tiyatar yara ne, waɗanda a Arewa ake samu a asibitocin koyarwa kamar na Malam Aminu Kano, na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, da na Maiduguri da Jos.

Tun da Nijeriya ta shigar da rigakafin gudawar rota cikin jerin na jarirai a watan Agustan 2022, ya dace a taɓo shi, domin sunansa na fitowa duk lokacin da aka yi maganar wannan cuta. Gaskiya ne cewa rigakafin farko, RotaShield, an janye shi a Amurka a 1999 saboda yana jawo shigewar hanji ga kusan jariri 1 cikin 10,000. Waɗanda suka biyo bayansa haɗarinsu ya yi ƙasa sosai, kuma wani bincike da aka buga a 2018 a kan ɗaya daga cikinsu, a ƙasashen Afirka 7 da suka haɗa da Gana, Kenya da Habasha, bai ga ƙaruwar cutar bayan ɗiga shi ba. Ƙa'ida ɗaya dai tana nan: jaririn da hanjinsa ya taɓa shigewa ba a ba shi wannan rigakafin, don haka a sanar da ma'aikaciyar rigakafi kafin ta ɗiga.

Yaron da ya taɓa yi sau ɗaya, idan ihun nan mai zuwa yana lafawa ya dawo, ko ya yi koren amai, ko jikinsa ya saki, ba a jiran jini kuma ba a jiran gari ya waye. Kada a ba shi abinci, nono, ruwa ko jiƙo a hanya, domin ana iya buƙatar sa shi barci don aiki, kuma kada a ba shi maganin tsayar da gudawa. A tafi da katin asibiti, takardun sikanin na baya, takardar sallama da sakamakon gwajin nama idan an taɓa yanka, a kuma rubuta ranakun da ciwon ya tashi a baya. Idan da hali a koma asibitin da aka fara zuwa. Iyali kan kai yaro wani asibiti a Kano a watan azumi, wani a Kaduna bayan Babbar Sallah, wani kuma a garin kakanni lokacin hutu, kowane likita yana ganin karon farko, alhali na uku ne.